Kurman Bankok da Baturen da Ya Ari Bindigarsa

A zamanin En'e, in motar majigi ta sauka Anka, ko Gummi, ko Bukkuyum, tun da la'asar sankira ya kan zaga gari yana shela. Da an idar da sallar lisha sai a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, manya da yara su zauna a ƙasa, a nuna musu yadda a ke shuka auduga a jere, ko yadda a ke tsare rijiya daga ƙazanta. Mai bayani yana tsaye a gefe, kome aka gani shi ke faɗin ma'anarsa. Yau majigin ya koma cikin aljihu. Ran kasuwa yaro ya kai wayarsa rumfar mai caji, ya ba da 'yan kuɗi kaɗan, a zuba masa wasannin sinima na Indiya, da na Sin, da na Amurka, ya tafi gida ya kalla shi kaɗai, ba mai bayani, ba mai kwaɓa. Da yawa daga cikinsu kuwa na harbe-harbe ne. Tun da ya ke abin ya zama ruwan dare, ya kamata wanda ya fita daga duhun jahilci ya iya auna wasan sinima kamar yadda ya ke auna littafi, ya rarrabe wanda ke ɗauke da magana da wanda aka yi don cin kasuwa kurum.

Akwai wasanni biyu da za su yi daɗin awo, gama sunansu ɗaya, garin da aka yi su ɗaya, har ma mutanen da suka shirya su ɗaya ne. Sunan shi ne Bangkok Dangerous, watau Bankok Mai Hatsari. Bankok ita ce babban birnin Tailan, ƙasar da littattafan labarin ƙasa na da ke kira Siyam. Masu shirya wasan tagwaye ne, Oksaid Pang da Dani Pang, haifaffun Hong Kong cikin 1965. Na farin sun yi shi da harshen mutanen Tailan, da 'yan wasa na ƙasar, da kuɗi ba masu yawa ba. A 2000 aka nuna shi a taron sinima na birnin Toronto a Kanada, masu sharhin sinima na jaridun duniya suka ba shi lambar yabo. Labarinsa ya kai Holiwud, wata unguwa ce a birnin Los Anjalis inda manyan kamfanonin sinima na Amurka su ke. Wani shahararren ɗan wasa, Nikolas Kej, wanda ya karɓi lambar Oska a 1996, kamfaninsa ya sayi iznin sāke wasan da Turanci. Aka kira tagwayen nan aka ce su zo su sāke shirya abinsu, shi Kej ya zama tauraro. Na biyun ya fito a 2008.

Aron labari dai ba laifi ba ne, kuma ba yau aka fara ba. Duk wanda ya karanta Magana Jari Ce ya san Alhaji Abubakar Imam ya ɗebo waɗansu labaransa daga Dare Dubu da Ɗaya, waɗansu daga tatsuniyoyin Turawa, ya sa musu riga da rawani har ba a gane baƙi ne. Amurkawa ma sun sha aro daga Asiya suna dacewa. Wasan Japan na jarumai bakwai da suka tsare wani ƙauyen manoma daga 'yan hari, wanda Akira Kurosawa ya yi a 1954, sun mai da shi na kaboyi a 1960, ya kuwa karɓu. Wani wasan 'yan sanda na Hong Kong na 2002 sun sāke shi a 2006 da sunan The Departed, har ya ci lambar Oska ta wasan da ya fi duka a shekararsa. Abin dubawa ga mai aro shi ne, me ya ɗauka, me ya bari. Misalin da ya fi kusa shi ne Iliya Ɗan Maiƙarfi na Malam Ahmadu Ingawa, wanda asalinsa labarin wani jarumin ƙasar Rasha ne. Malam Ahmadu ya sāke abubuwa da dama don su dace da mai karatun Hausa, amma ya bar Iliya yadda ya same shi, yaro wanda ya tashi ƙafafunsa ba su ɗaukarsa. Ya gane cewa in aka cire gurguntar nan, ƙarfin da ya zo daga baya ba zai ba kowa mamaki ba. Mutanen Holiwud a wannan karon sun sami jarumi mai nakasa, suka warkar da shi tun kafin a buɗe labule.

Ga yadda na farin ya ke. Wani saurayi ne ana ce masa Kong, bebe, ba ya ji ba ya magana. Tun yana yaro 'yan unguwa ke tsokanarsa suna jifarsa. Da ya tasa ya sami aikin shara a wani filin koyon harbi. Can wani ɗan ina-da-kisa mai suna Jo ya gan shi, ya lura da wani abu guda. Kowane mai koyo, in bindiga ta tashi, sai jikinsa ya zabura, idonsa ya ƙifta, hannunsa ya goce. Kong kuwa ko gezau, don ba ya jin ƙarar. Abin da ya sa aka raina shi a unguwa, shi ne ya sa ya fi kowa saiti. Jo ya ja shi a jiki, ya koya masa sana'ar, suka zauna ɗaki guda. Daga baya Jo ya sami rauni a hannu, harbi ya gagare shi, aikin ya koma kan Kong. Wata mace mai suna Om, mai aiki a gidan rawa, ita ke kawo saƙon manya, hoton mutum da ladan kashe shi. Kong ba ya tambaya. Ko da ya so tambaya, da wane baki?

Gwanintar tagwayen nan ta bayyana ne wajen yadda suka sarrafa sauti. A waɗansu wurare sai su ɗauke ƙarar duniya ɗungum, mai kallo ya tsinci kansa cikin kunnen Kong. Motoci na wucewa, mutane na buɗe baki, bindiga ta yi hayaƙi, mutum ya faɗi, amma shiru ka ke ji kamar tsakar dare. Hausawa na cewa gani ya kori ji, to, a nan an juya maganar, an nuna abin da gani ke rasawa in ba ji. Wanda a ke kashewa ya kan yi kuka, ya kan yi magiya, ya kan ambaci 'ya'yansa. Duk wannan ba ya isa ga Kong. A wurinsa mutum hoto ne mai motsi, ya ja kunama hoton ya daina motsi. Ba a faɗa wa mai kallo wannan da baki ba, an bar shi ya ɗanɗana da kunnensa, in sauti ya komo sai ya ji nauyin abin da aka ɓoye masa. Kurumtar Kong ita ce jigon wasan duka. Da ita aka amsa tsohuwar tambayar nan da kowa ke yi in an ɗauko gawa daga daji, yaya ɗan Adam zai yi wa ɗan'uwansa haka? Amsar wasan ita ce sai wanda aka toshe wa kunne.

Sa'an nan aka aike shi Hong Kong ya yi wani kisa, ya komo da mura. Ya shiga kemis neman magani, ya tarar da wata yarinya mai suna Fon tana sayarwa. Ita ce mutum ta farko, ban da Jo, da ta yi haƙuri da shi, ta tsaya ta gane nufinsa da alamar hannu. Suka saba, suka riƙa fita yawo. Wata rana da dare waɗansu 'yan ƙwace suka tare su, Kong ya kashe su nan take a gaban idonta, da sauƙin da mahauci ke yanka akuya. Ya waiwayo yana tsammanin ya kyauta. Abin da ya gani a fuskarta shi ne kukan da kunnensa ya daɗe yana tsare shi daga ji. Daga ranar nan sana'ar ta fara yi masa ɗaci. Sauran labarin na ramuwa ne. Wani yaron manyan ya ci mutuncin Om, Jo ya rama mata, aka kashe Jo, Kong ya bi su ɗai ɗai har ya kai ga uban gidan. A ƙarshe ya haɗa kansa da kan mutumin, ya sa bindiga ta gefensa, harsashi guda ya ɗauke su su biyu.

To, ga na Amurka. Sunan jarumin Jo, shi ne Nikolas Kej, Bature, baƙo a Bankok, kunnensa garau, bakinsa garau. An fara nuna shi a birnin Firag na ƙasar Cek, yana laɓe a bene yana jiran bugun ƙararrawa don ƙararta ta rufe ƙarar bindigarsa, watau tun harbin farko da kunne ya ke aiki. Da ya gama ya kashe yaron da ya yi masa aike, don kada a sami mai ba da shaida. Tun daga nan muryarsa ke bisa hoto tana yi wa mai kallo bayani, kamar mai bayanin majigi. Ya jera dokokinsa huɗu: kada a yi tambaya, kada a shaƙu da kowa, kada a bar sawu, a kuma san lokacin da za a janye. Ya sauka Bankok da nufin ya kashe mutum huɗu ga wani uban 'yan daba mai suna Surat, ya karɓi kuɗinsa ya yi murabus. Sunan Kong kuwa an ba wani ɗan sane da ya ɗauka aike, wanda ya yi niyyar kashewa in an gama, amma ya ɓuge da koya masa harbi. Rauni ya ji a hannu ya shiga kemis, ya tarar da Fon. A nan ita ce kurma.

Mai karatu ya lura da abin da aka yi. Ba a jefar da kurumtar ba, an cire ta daga kan mai kisa an ɗora wa yarinyar. Tagwayen ba su ɓoye dalili ba. Tun ana shirin wasan Oksaid Pang ya gaya wa 'yan jarida cewa sun so su bar jarumin yadda ya ke, amma saboda kasuwa tilas ne Kej ya sami abin faɗi. Maganar ta fito fili. An biya tauraro kuɗi masu yawa, mutane kuwa sun san shi da muryarsa da ɓaɓatunsa, ba za a kawo shi a ɗinke masa baki ba. Ta fuskar ciniki hujja ce. Ta fuskar labari kuwa kamar mai gini ne ya zare ginshiƙin soro ya kafa shi a tsakar gida don ado, sa'an nan ya yi mamakin rufi ya lotsa.

Gama da aka ba Jo kunne, sai tambayar da wasan farko ya amsa ta komo ba amsa. Kong yana kisa don duniya ta rufe masa kowace ƙofa, wanda ya buɗe masa guda ɗaya kuwa mugu ne. Shi Jo me ya kai shi? Ba a faɗa ba. Yana jin magiyar mutane sarai, ya kashe su, ya koma gidan da ya kama haya a bakin ruwa ya zauna yana ɓata fuska, muryarsa tana cewa kaɗaici ya dame shi. Mai kallo ba shi da dalilin tausaya masa sai don an san fuskarsa. Tubarsa ma haka ta zo ba tushe. Mutum na huɗu da aka ba shi wani ɗan siyasa ne da talakawa ke so, Kong ɗan sane ya taɓa gaya masa mutumin kirki ne. Jo ya auna shi ana cikin jerin gwano, ya kasa jan kunama. Mutumin da ya yi shekaru yana kashe yaran aikensa da hannunsa, yau maganar yaron aike guda ta karya masa zuciya. Ana iya samun haka a duniya, gama shiriya ta Allah ce, amma mai shirya wasa wajibinsa ne ya nuna hanyar da ta biyo, nan kuwa ba a nuna ba.

Ita Fon kuma an cuce ta. A wasan farko mace ce mai baki, mai hankali, ita ce alƙalin da ya yanke wa Kong hukunci da ido. A na biyu an mai da ita abin tausayi, kyakkyawa mai murmushi wadda ba ta cewa kome, ta kai baƙo cin abinci mai yaji yana zufa tana dariya, ta kai shi ba giwa abinci, ta kai shi gaida tsohuwarta. Kurumtar da ta zama jigo a can, nan ta zama kwalliya. 'Yar wasan da ta fito a Fon ɗin, Carli Yeung, ba ma 'yar Tailan ba ce, daga Hong Kong aka ɗauko ta, tun da ba za ta yi magana ba balle a gane harshenta.

Garin ma ya sāke. Bankok ta wasan farko garin Kong ce, lunguna ne masu duhu, da ɗakunan haya ƙuntatattu, da zufa, da kwata. Wanda ya taɓa kwana a lungunan Fagge ko bayan tashar Gusau ba zai ga baƙon abu ba. Bankok ta na biyu kuwa wadda a ke nuna wa baƙi masu yawon buɗe ido ce: gidajen ibada masu ruwan zinariya, da giwaye, da gidajen rawa, da kasuwar kan ruwa inda mata ke sayar da kayan marmari cikin kwalekwale. 'Yan ƙasa sun koma masu aike, da masu rawa, da waɗanda a ke harbi. Wani abin mamaki, ana cikin ɗaukar wasan, ran 19 ga Satumba 2006, sojojin Tailan suka hamɓare gwamnatin Taksin Shinawat, tankoki suka fito titunan Bankok. Hatsari na gaskiya ya zo ya wuce ta ƙofar masu wasan, wasansu kuwa bai san da shi ba.

Adalci ya sa a faɗi inda na biyun ya yi kyau. An kashe masa kuɗi, hotonsa ya fi tsabta, tseren jiragen ruwa da aka yi a kasuwar kan ruwa kuwa aiki ne na gwanaye, ko da ya ke an ƙare shi da farfelar inji tana datse hannun mutum, abin da ba shi da amfanin nunawa. Akwai kuma wuri guda da ya cancanci yabo ba tare da togiya ba. Jo da Fon suna tafiya da dare, tana gaba yana baya. 'Yan ƙwace biyu suka tare shi, ya ƙwace bindiga ya harbe su. Ita tana ta tafiyarta cikin farin ciki, ba ta ji kome ba, sai da jini ya fantsamo mata ta shafa ta duba hannunta, sa'an nan ta waiwaya. A 'yan daƙiƙun nan wasan ya tashi da rai, tsikar jikin mai kallo ta tashi. Amma a duba dalili. Nan ne kaɗai aka koma ga dabarar farko, aka shigar da mai kallo cikin kunnen kurma. Wuri mafi kyau a wasan Amurka shi ne wanda ya tuna abin da aka zubar. Kama da wane dai ba ta wane.

Kasuwar da aka yi sadaukarwar dominta ma ba ta biya ba. An ce an kashe wajen dala miliyan 45. Da aka buɗe shi a Amurka ran 5 ga Satumba 2008, ya zo na ɗaya a makon, amma da dala miliyan 7.8 kurum, watau makon ne ya yi ƙamfa, ba wasan ne ya yi farin jini ba. Abin da aka tara a duniya duka bai kai abin da aka kashe ba. Masu sharhi a jaridu kuwa galibinsu suka yi tir da shi. Masu shirya wasannin Hausa a Kano, waɗanda suka daɗe suna aro daga Indiya, suna da abin dubawa a nan, gama su ma sau da yawa rawa da waƙa su kan ɗauko su bar dalilin da ya sa aka yi rawar. Haka kuma masu ɗora muryar Hausa a kan wasannin waje, waɗanda ba su iya barin daƙiƙa guda ta wuce ba su cusa ba'a ba. Da za a ba su wasan Kong, da sun ba shi baki su ma, sun yi masa ɓarnar da Holiwud ta yi da kuɗi kaɗan.

Kada kuma a ɗauka wasan farko ba shi da aibu. Yana da shi, babba ma. Ya ƙawata kisa da launi da kiɗa har jini ya zama abin kallo, tun daga buɗewarsa inda jinin wani ke malala a daɓen makewayi ana rubuta sunayen 'yan wasa. Tausayinsa duk ya tafi ga mai kisa, waɗanda aka kashe ba a san sunansu ba, ba a ga marayunsu ba. Ƙarshensa kuma, wanda na Amurka ya kwafa daidai, Jo ya haɗa kai da Surat cikin mota ya harba, an nuna shi kamar wanka ne daga zunubi. Musulmi ya san ba haka ba ne. Wanda ya ɗauki rayukan mutane sa'an nan ya ɗauki nasa, ƙari ya yi a kan kaya, bai biya kowa diyya ba, bai tsaya gaban alƙali ba, bai nemi gafarar magada ba. Duk da haka akwai bambanci ko a nan. Kong ba shi da bakin da zai ce ya tuba, ba shi da wurin zuwa, an ga yadda aka koro shi har bango. Jo yana da fasfo, da kuɗi a banki, da harshe a bakinsa. Mutuwarsa an yi ta ne don labari ya ƙare da ƙara.

Wani zai ce, ina ruwan mutumin Bukkuyum da wasan mutanen Siyam? Da a shekarun majigi ne, da maganarsa ta yi daidai, lokacin da bindigar da a ke ji a ƙasar nan ta maharba ce, ko ta 'yan bindigar sarki ran hawan salla. Yanzu ba wanda za a koya wa ƙarar bindiga tsakanin Anka da Gummi. A farkon Janairu na 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan ƙasar Anka da ta Bukkuyum, suka yi kwanaki suna ɓarna. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mutanen ƙauyukan suka ce sun kai 200. Waɗanda suka taɓa shiga hannu suka fito sun sha faɗin irin mutanen da ke riƙe da bindigogin nan. Da yawansu samari ne, waɗansu ma yara, ramammu, waɗanda ba su taɓa zama gaban allo ko cikin aji ba. A bayansu akwai mai sayar da bindiga, da mai sayen shanun sata, da mai tsegunta wa daji wanda ya sayar da hatsi ran kasuwa. Kunnuwan samarin nan lafiyarsu lau, amma an yi musu magiya da Hausa da Fillanci ba su ji ba. Wanda ya san wannan, in ya kalli Kong, zai gane shi. Ba zai yafe masa ba, amma zai gane yadda a ke ƙera irinsa, ya kuma ga cewa mai riƙe da bindiga shi ne ƙarami cikin cinikin, manya suna zaune a inuwa suna ƙirga riba.

Jo kuwa wani hoto ne dabam, shi ne kuma ya fi hatsari a wayar yaro. Mai kisa a nan gwani ne mai cin gashin kansa, mai agogo mai tsada, da babur mai gudu, da gida mai kyau, da dokoki huɗu kamar wani malamin sana'a, har da almajiri mai roƙon a koya masa. Wajen da aka fi tsayawa a tsakiyar wasan shi ne koyarwar nan, yadda a ke riƙe bindiga, yadda a ke kauce wa wuƙa, yaro ɗan sane yana zama mutum a hannun ubangida. Yaron da ke zaune a rumfar mai caji, ba gona don daji ba ya shiguwa, ba makaranta don an rufe, ba zai tsaya sauraren kukan kaɗaicin Jo ba. Agogon zai gani, da babur ɗin.

Akwai wani ɗan wuri a wasan farko da ba a ɗauko ba cikin na biyu. Kong yana kan rufin bene ya kafa doguwar bindiga yana jiran wani mutum a ƙasa. Sai ga wata yarinya ƙarama ta hango shi. Ba ta ji tsoro ba, ta ɗauka wasa ne. Ta dubi inda ya ke auna, ita ma ta miƙa ɗan yatsanta ta auna mutumin, yadda yara ke yi a kowace unguwa da karan dawa. Ta yi kamar ta harba, a daidai lokacin Kong ya ja kunama, mutumin ya faɗi. Tagwayen Pang su suka ƙago wurin nan da kansu suna da ƙaramin jari, bayan shekara takwas kuma, da dala miliyan 45 a hannunsu, suka bar shi a baya, suka sa farfela da datsattsen hannu.